LITTATTAFAI SUN ISO, KADA A BAR WA GARA

(Wannan shi ne jawabin da wani ɗan kwamitin ilimi ya yi ran da aka buɗe akwatunan sababbin littattafai a ɗakin karatu. Mun buga shi duka domin sakataren kowane reshe ya karanta wa jama'arsa daren kasuwa.)

Iyayena da ƴan'uwana, maza da mata, malamai da almajirai, manoma da ƴan kasuwa, ina gaishe ku da gajiyar kasuwa. Na san waɗansunku tun asuba suka fito daga ƙauye, waɗansu kuma har yanzu ba su ɗaure kayansu ba. Saboda haka ba zan tsare ku har dare ya raba ba.

Kun ga akwatunan nan da ke gabana. Jiya motar kasuwa ta sauke su. Yau da hantsi muka buɗe su gaban shaidu, muka ƙidaya, muka rubuta sunan kowane littafi cikin kaye. Akwai na manya, akwai na yara, akwai na Hausa, akwai na Faransanci. Tun safe ake yi mini barka, na kuwa karɓa. Amma gaskiya da tsoro a zuciyata, bari in gaya muku dalili.

Sa'ad da nake yaro a lakwal, wata shekara aka kawo mana akwati cike da littattafai, masu hotuna, masu ƙanshin sabuwar takarda. Babban mushenmu ya jera su cikin kabad, ya sa kwaɗo, ya jefa mabuɗi aljihu. Mutumin kirki ne, ba mugunta ta sa shi ba. Tsoro yake kada manya su zo ƙidaya su tarar ɗaya ya ɓace ko ya yage, a tuhume shi. Mu yara sai mu riƙa leƙe ta kafar ƙofar kabad ɗin, muna gardama a kan abin da ke ciki. Shekaru suka wuce, aka sauya masa wurin aiki, wanda ya gaje shi ya fasa kwaɗon. Ina tsaye a wurin. Gara ta biyo ta cikin gini ta shiga ta baya, ta mai da su ƙasa. Da ka taɓa littafi sai ya zube a hannunka. Ba a sace ko ɗaya ba, ba a kuwa karanta ko ɗaya ba.

To, jama'a, maganata ta yau ke nan duka. Littafi iri ne. Ku manoma kun san irin da aka hana shuka don kada tsuntsu ya ci, ƙwari ne za su cinye shi a rumbu. Ina so shekara mai zuwa war haka in zo in ga littattafan nan sun yi dauɗa, gefensu ya lanƙwashe, an ɗinke waɗansu da zare. In na tarar da su fes kamar yau, to, mun faɗi.

ABIN DA KE CIKI NA MANYA

Mutum ba ya sayen akuya cikin buhu, don haka bari in buɗe muku kaɗan daga ciki.

A shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke riƙe da ofishin fassara a Zariya, ya sa gasa, ya ce malamai su rubuta labarai da Hausar boko. Littattafai 5 suka fito daga wannan gasa, ga su nan a akwatin farko. Akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, labarin Alhaji Imam da ya bar gida neman wani ruwan magani, yana tafe suna yi wa juna keta shi da abokin wasansa Malam Zurƙe. Imam an haife shi a 1911, kun ga ke nan shekarunsa 22 kawai sa'ad da ya rubuta shi. Samarin da ke zaune can baya, ku riƙe wannan. Akwai Ganɗoki na wansa, Bello Kagara, labarin jarumin da ya kara da Turawa lokacin da suka zo cin ƙasa. Akwai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Akwai Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin, a kan saurayin da mai dukiya ya ƙwace wa budurwa, da irin ɓarnar da ramuwar gayya ta jawo.

Na biyar shi ne Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun yana malamin makaranta, kafin ya zama firayim ministan Najeriya. Labarin yaro ne da aka sace aka ƙetare Sahara da shi, da uwarsa wadda ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Ina roƙon dattawa su fara da wannan. Mu da ke zaune bakin hanyar ayari, daga Damagaram zuwa Agadas, kakanninmu sun ga irin waɗannan ayarori da idonsu. An daina maganar a gidajenmu don kunya, amma abin ya faru, ya kuwa kamata ƴaƴanmu su sani.

Akwai kuma Magana Jari Ce, shi ma na Abubakar Imam, littafi 3, waɗanda suka fito tsakanin 1937 da 1939. Aku ne ke ba ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita ya faɗa tarkon maƙiya. Kowane labari gajere ne, ana gama shi kafin shayi ya huce. Wanda bai saba da dogon karatu ba, nan ne ƙofarsa.

Iyaye mata, akwai naku, kuma mata ne suka rubuta. Akwai So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, wanda aka buga a 1980, labarin wata yarinya Bafulatana da ta tsaya a kan wanda take so. Akwai biyu na Balaraba Ramat Yakubu. Alhaki Kuykuyo Ne labarin Rabi ne, wadda miji ya kora da ƴaƴanta bayan ya yi amarya, ta tsaya da ƙafarta ta riƙe su da sana'a. Wa Zai Auri Jahila? kuwa a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar. Ita marubuciyar kanta haka aka yi mata tana ƙarama, sai da girmanta ta koma karatu, ga shi yau ana karanta littafinta har da Ingilishi. Wadda duk ta ce shekarunta sun wuce na riƙe alli, ta tuna da wannan baiwar Allah.

A akwati na biyu akwai na ƴan ƙasarmu. Yawancinsu da Faransanci suke, gama da shi aka koya musu rubutu. Akwai Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, a kan Sarauniyar Lugu ta ƙasar Arewa, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Rundunar nan ita ce ta ƙone Birnin Ƙonni a wannan shekara, ta bi ta kan ƙauyukanmu da kisa, har sojojinta suka juya suka kashe shugabannin nasu biyu a wajen Maijirgi, ƙasar Tasawa. Ƴan kasuwarmu suna ratsa wuraren nan kullum. Nawa ne cikinsu suka san abin da ya faru ƙarƙashin ƙafarsu? Akwai wasan kwaikwayon André Salifou a kan Tanimun, sarkin Damagaram, da littafinsa na tarihin Damagaram ɗin. Akwai na Djibo Hamani a kan tarihin Adar. Akwai na Boubou Hama. Wanda ya iya Faransanci, bashi ne a kansa ya karanta, ya juya wa sauranmu da Hausa.

Sai ƙananan littattafai na amfanin yau da kullum, na lissafin ciniki, na kiwo, na noman rani, na lafiyar mai ciki da jariri. Waɗannan ba su da daɗin hira, amma mai auna gero da tiya, da mai sayar da albasa da buhu, su leƙa na lissafi su ga ko ba zai hana dillali cin ƙwarya a kansu ba. Akwai kuma ƙamus: ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya fito a 2006. Su kaɗai ne ba za su fita ɗakin nan ba, don kullum akwai mai bukatarsu.

ABIN DA KE CIKI NA YARA

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. In kun duba cikin gidajenku za ku ga haka ne. Saboda haka kason yara ba ɗan ƙarami ba ne cikin wannan kaya.

Ga ƙanana akwai na baƙaƙe da hotuna, babban rubutu, kalma kaɗan a kowane shafi. Akwai Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, inda yaro zai gamu da Gizo da Ƙoƙi da ya riga ya sani a bakin kakarsa. Wannan abu ne babba. Yaron da ya ga abin da ya sani a rubuce, nan take yake gane cewa takarda magana ce aka ajiye, tsoronta ya fita daga ransa. Ga waɗanda suka ɗan tasa akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin yaron da ya tashi ba ya iya tafiya, daga baya ya zama barde. Akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, a kan yaron da aka ɗauka aka yi yawo da shi cikin sararin sama. Akwai kuma masu harshe biyu, Hausa a wannan shafi, Faransanci a wancan.

Waɗansu iyaye sun tambaye ni, suka ce: yaron da ake koya wa Faransanci a lakwal, karatun Hausa ba zai rikita shi ba? A ƙasar nan an gwada. A 1973 aka buɗe makarantar farko ta gwaji a Damagaram, inda yara suke fara karatu da Hausa kafin a shigo musu da Faransanci. Dalilin da ya sa aka yi haka a fili yake. Yaron da aka ba littafin harshen da bai ji ba, kaya biyu aka ɗora masa lokaci ɗaya, gane baƙaƙe da gane ma'ana. Sau da yawa sai ya haddace kamar aku, ya rera, ka tambaye shi me ya ce, ya yi shiru. Wanda ya fara da harshen uwarsa kaya ɗaya ya ɗauka, in ya iya haɗa baƙaƙe sau ɗaya ya iya ke nan, sai ya tafi da wannan iyawa zuwa kowane harshe. Kun kuma ji cewa a watan Maris na 2025 babbar dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Doka dai tana kan takarda a Yamai. In ƴaƴanmu ba su iya karanta Hausar ba, a can za ta zauna.

Ina da roƙo ɗaya ga iyaye. Yaro zai ɓata littafi. Zai taɓa shi da hannun miya, ƙanensa zai ja shafi ya yage. Kada ku doke shi a kan haka. Yaron da aka doka saboda littafi ba zai sake kusantarsa ba, kun ga mun yi asarar yaro don ceton takarda. Ku koya masa wanke hannu, ku ba shi leda ya riƙa sawa, in ya yage ku kawo a gyara.

INDA ZA KU YI TUNTUƁE

Yanzu bari in yi magana da waɗanda suka yi lakwal, gama na ga yadda waɗansu suka ɗauki littafin Hausa ɗazu, suka yamutsa fuska, suka ajiye. Ba laifinku ba ne. An koya muku baƙaƙe da ƙa'idar Faransanci, ta Hausa kuwa daban take, amma ba ta da wuya.

Inda Bafaranse zai rubuta ou, mu u kawai muke sawa: Tahoua a takardar gwamnati, Tawa a Hausa. Inda zai sa tch, mu c: ciki, cinya, cuku. Inda zai sa ch, mu sh. Inda zai sa dj, mu j. Harafin e kullum ana faɗinsa, ba ya yin shiru a ƙarshen kalma. Sai baƙaƙe 4 masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Kada ku raina ƙugiyar nan. Ita ce ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa, ta raba fada da faɗa. Wanda ya ce za shi fada, aka karanta za shi faɗa, kun ga an haɗa shi da dogarai ba gaira ba dalili. A littattafan da aka buga a Najeriya ba za ku ga ƴ ba, sai y da ɗan waƙafi a gabanta, abu ɗaya ne.

Wani abu kuma. Littattafan Zariya da Kano sun bi Hausar Kano. Mutumin Tawa ko Ƙonni ko Maraɗi da ke cewa munka tahi, zai ga an rubuta muka tafi. Kada ya ce an yi kuskure, kada kuma ya ji kunyar tasa. Ya karanta da idonsa yadda aka rubuta, in yana karanta wa mutanen garinsu ya faɗa da bakinsa yadda suka saba ji. Masana sun zauna a Bamako a 1966, suka sake zama a Yamai a 1980, don a daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu. Albarkacin wannan, littafin da aka buga a Kano yana karantuwa a Tasawa, na Yamai yana karantuwa a Katsina. Wanda ya zauna da wani da ya iya, maraice biyu ko uku sun ishe shi.

GA MASU SHAKKA

Na ji maganganu uku a gari, gara in amsa su a fili.

Ta farko, wai littattafan boko za su janye yara daga karatun addini. Ina girmama malaman da suka faɗi haka, gama kishi ne ya sa su. Amma ku tuna mu ba baƙin takarda ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi, kusa da Galmi, cikin ƙasarmu, a 1754, da alƙalami kuwa ya fara aikinsa. Ƴarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajisai ƙauye ƙauye suna koyar da mata. A Yamai, a cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta jami'a, akwai dubban tsofaffin rubuce-rubuce na Larabci da ajami, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa daga hannun malaman ƙasar nan. Yaron da ya saba zama da littafi, allonsa ma zai fi zama da shi. Ina gayyatar malamai su zo su duba kayan nan da kansu. Wanda suka ga bai dace da ƙananan yara ba, a mai da shi layin manya. Mun yarda da wannan.

Ta biyu, wai waɗannan labarai ƙarya ce, ƙaryar kuwa me za ta amfana wa magidanci? To, Rabi ta cikin littafi ba a taɓa haihuwarta ba, gaskiya ne. Amma wane ne a nan bai san wata Rabi a unguwarsu ba? Mutum ba ya son a nuna shi da yatsa. In aka ba shi labarin wani, sai ya saurara har ƙarshe, ya koma gida yana tunani. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka bar mana tatsuniya.

Ta uku ta samari ce. Suka ce yanzu kome yana cikin waya, me za a yi da takarda? Wayar tana da amfani, ni ma ga tawa a aljihu. Amma tana son caji, tana son kuɗi, tana kuma kawo maka magana ba ka san wanda ya faɗe ta ba. Littafi da sunan mai shi a bango, da shekarar da aka buga, in ya yi ƙarya ana iya kama shi. Kuma mai saurare kawai, abin da aka zaɓa masa shi yake ji. Takardar gona, takardar asibiti, takardar bashi, ba wanda zai aiko maka da su cikin murya. Ranar da aka miƙo maka ɗaya aka ce dangwala, ranar za ka san ko ka iya karatu.

WAƊANDA BA SU IYA BA

Tun 1963 aka fara yaƙi da jahilci na manya a ƙasar nan, amma har yau manyan da suka iya karatu ba su kai rabi ba, mata kuwa sun fi baya. Dalili ɗaya na gani da idona. Mutum ya yi wata huɗu yana zuwa ajin dare lokacin rani, ya fara haɗa baƙaƙe, ya karɓi takardar shaida. Damina ta faɗi, ya tafi gona. Ba abin karantawa a gidansa ko ɗaya. Kafin kaka baƙaƙen sun gudu. Wuƙar da ba a yanka da ita tsatsa take yi. Littattafan nan su ne abin da waɗannan mutane suka rasa, saboda haka su ne na farko da za mu nema, gida gida.

Wanda kuma bai taɓa shiga aji ba, kunnensa rabonsa ne. Kowane reshe ya sa dare ɗaya a mako, daren kasuwa ya fi, gama mutanen ƙauye suna nan. A shimfiɗa tabarma, a kunna fitila, mai murya ya karanta babi ɗaya, ya tsaya inda labari ya yi daɗi, ya ce sai mako mai zuwa. Za ku ga wanda ya ƙosa ya zo yana tambaya a nuna masa baƙaƙen don ya ƙarasa da kansa. Mata da yawa ba za su fito dandali da dare ba. Don haka a sami mace ko budurwa mai karatu a kowace unguwa, a ba ta littafi ta shiga da shi gida, ranar adashi ko bayan an sauke tukunya. In littattafan nan suka tsaya a zaure ba su shiga cikin gida ba, rabin gari muka bari a baya.

ƘA'IDODIN ARO

Ga abin da kwamiti ya shirya, muna so kowane reshe ya bi.

1. Ɗakin karatu na gari ne duka. Ba a tambayar kowa katin jam'iyya, ba a tambayar ƙabilarsa ko addininsa. Bazabarme, Bafulatani, Buzu, Babarbare, baƙon da ya zo cin rani, kowa ya shigo. Wanda ya hana wani littafi don ba namu ba ne, ya ci amanar aikin.

2. Mabuɗi biyu ne, a hannun mutum biyu, ɗaya namiji ɗaya mace. Ba za a ce mai mabuɗi ya yi tafiya ba.

3. Ranar kasuwa ɗaki a buɗe yake tun hantsi har la'asar. Sauran ranaku a sa lokacin da yara suka taso daga makaranta.

4. Aro daga kasuwa zuwa kasuwa ta biyu, watau kwana 14. Wanda bai gama ba ya zo da shi a gani, a sake rubuta masa. A rubuta sunansa da unguwarsa ko ƙauyensa cikin kaye.

5. Ba a karɓar ko dala ɗaya a hannun yaro.

6. Wanda ya ɓatar da littafi ya zo ya faɗa, ba zagi ba tozartawa. In yana da hali ya biya, ko da kuɗi ko da tiyar gero. In ba shi da hali ya yi wa ɗaki aiki, shara ko ɗinkin bango. Mai tsaron ɗaki kuwa ba za a tuhume shi don littafi ya tsufa ko ya ɓace a hannun mai aro ba. Abin da za mu tambaye shi a ƙarshen wata shi ne mutum nawa suka ara.

7. Kada a jingina katako da gini, kada a ajiye akwati a ƙasa. A ɗora bisa duwatsu, a bar tazara ta bayansa yadda ido zai ga hanyar gara. A kakkaɓe kowane mako, balle da hunturu. Kafin damina a duba rufi. Kada a ci abinci a ciki, don ɓera.

8. Ƙauyukan da ke cin kasuwarmu, kowanne a ware masa ɗan akwatin ƙarfe. Amintaccen mutum ya tafi da shi, bayan wata ɗaya ya dawo da shi a sauya masa waɗansu.

ABIN DA BABU A AKWATUNAN

Ƴan'uwa, da muka gama ƙidaya ɗazu na lura da abu ɗaya. Na Hausa yawancinsu daga kudu suka zo, daga Zariya da Kano. Na ƴan ƙasarmu kuwa yawancinsu da Faransanci. Mun gode wa duka biyun. Amma ina littafin Hausa da zai gaya wa jikokinmu yadda ambaliyar 1945 ta sa Maraɗi ta tashi daga gulbi ta hau tudu? Ina wanda zai ba da labarin yunwar 1973 da ta 1984 daga bakin waɗanda suka sha ta? Ina na maƙeran garin nan, da na majema, da na matan da ke haƙar rijiyar lambu? Tsofaffin da suka san waɗannan abubuwa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka mun sa kaye babba guda a ɗakin nan, fari fat, ba a rubuta kome ciki ba. Duk yaron da ya karanta littafi 5, aikinsa na gaba ya je wurin kakansa ko kakarsa, ya tambayo labari ɗaya, ya zo ya rubuta a ciki da Hausar garinsu, ya sa sunan wanda ya ba shi. In ya cika mu ɗinke shi, mu ba shi lamba kamar sauran, a riƙa aronsa.

Na gama. Kada kowa ya tashi hannu wofi. Mai kaye yana zaune bakin ƙofa da fitila. Dattawa su fara, sai mata, sai yara, samari su yi haƙuri su zo ƙarshe. Wanda bai iya karatu ba shi ma ya ɗauka, akwai ɗan lakwal a gidansa ko a maƙwabta. Kasuwa ta biyu ku dawo da su, ku gaya mana abin da kuka samu ciki.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya, ya sa mu ga amfanin abin da muka fara.